Sualihu Mai Faskaren Itacen Kabari

Kowace safiya, kafin babura su fara kwarara gari, Baba Sualihu na unguwar Kukuo yana zaune gindin darbejiya da gatari da gungumen itace. Ba ya gaggawar sara. Sai ya shafa itacen, ya juya shi, ya nemo jijiyarsa. In ya samu, sara ɗaya, gungume ya buɗe sak kamar dama jira yake.

Itacen da ake jerawa bisa gawa kafin a tura ƙasa shi yake faskarawa, tun muna da baƙin gashi. Zarto bai taɓa shiga hannunsa ba. Ya ce zarto yana yanke jijiya, gatari kuwa bin ta yake, kuma itacen da jijiyarsa ta tafi daga kai zuwa kai ba ya karyewa a ƙarƙashin nauyi. Dutse ma, in ji shi, da tasa jijiyar. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ɓoye ƙarfi a inda ido bai kai ba.

Ranar da muka kai matata Zuweira, rana ta take, jama'a sun ƙosa. Sualihu ya ɗaga itace ɗaya, ya ga ƙulli a tsakiya, ya jefar.

Awudu mahauci ya ce, "Baba, mamaciya ce fa, ba rufin ɗaki ba!"

Ya ce, "Ɗakinta ne. In ya zuba, wa za ta kira?"

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Daminar nan ruwa ya kwanta a maƙabarta, kaburbura suka lotsa. Na tafi ina tsoron abin da zan gani. Na Zuweira ko tsaga babu.

Kai ne mai yi wa wanda ba zai iya godiya ba aiki, Sualihu. Yanzu kafaɗa ta gaji, ka ce bana za ka ajiye gatari. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma samari, ku je ku tsuguna ku koya tun yana nan, gani ya kori ji.

Jiya na je wurinsa na ce, "To, ni fa? Wa zai faskara nawa?"

Ya nuna bayan ɗaki da haɓa. "Naka yana jingine tun bara, Alhaji, kusa da nawa. Ba ƙulli ko ɗaya."