Zaman Bayan Aji

A shekarar 2001 Salifu mai amalanke ya fara ganin Madam Zuhura, tana koyarwa a wani aji da aka yi da zana a Maijirgi. Iyaye sun janye 'ya'yansu, wai mace ba ta mayar da yaro namiji, har ana batun rufe ajin. Salifu ya ɗaure jakinsa, ya yi wata guda yana zama a bayan aji, sai da magidanta suka ji kunya suka maido yaran.

Bana Umaima 'yar Salifu ta fara koyarwa a Korgom, aka sake tayar da waccan magana. Zuhura ta gaji, muryarta ta dushe, gwiwa na ciwo. Ba ta ce wa Salifu komai ba. Ta kira tsofaffin ɗalibanta uku masu gemu, suka je tare suka zauna wa Umaima a bayan aji.