Baba Maharazu da Kalkuleta Masu Shan Man Gyaɗa

Duk ranar kasuwar Sheme, da hantsi, Baba Maharazu zai kafa teburinsa a inuwa, ya jera ƙananan sukurdireba, kwalbar sifirit da gashin zabuwa. Asalinsa mai gyaran agogo ne. Da arzikin fetur ya zo, alhazai suka fara dawowa da tsarabar kalkuleta, sai sabon aiki ya same shi.

Mu kuwa duk abin da ya cije, mai muke ɗiga masa. Keke mai, keken ɗinki mai, madannin kalkuleta ma in ya maƙale sai a ba shi man gyaɗa. Daga Ƙanƙara har Sabuwa haka ake kawo masa su suna naso kamar ƙosai. Ya yi faɗansa ya gama, sannan ya buɗe ya bi madannan ɗaya bayan ɗaya da gashin nan.

A gabana Lidiya ta zo daga Daudawa. Mijinta, Malam Ɗanhausa, malamin makaranta ne, bai daɗe da rasuwa ba. Kalkuletarsa takan kunna ta ga jajayen lambobin, ta ji sanyi. Lamba biyar ta maƙale, ta sa mata mai, komai ya ɗauke.

"Baba, ni na kashe ta da hannuna," in ji ta.

"Ba ta mutu ba, ɗiyata, mai ta sha."

Ya wanke, ya shanya. Madannin biyar ɗin ya siɗe, rubutun ya goge, sai ya ɗauko wani madanni mai kyau zai sa. Ta ce, "A'a Baba, yatsanshi ne ya cinye wanga."

Baba ya ajiye sabon. Ya yanko ƙyallin kwalin sigari ya liƙa a ƙarƙashin tsohon, ya yi ta daidaitawa har la'asar, masu agogo na jira suna tsaki. Da ta danna, biyar ta fito ja, ta rufe fuska da gyale.

Baba, bana ido ya yi rauni, ka naɗe tebur, kuma wallahi muna kewarka. Kai ne mai sauraron mai kaya kafin ka taɓa kayan. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu gyara da kuka biyo baya, kafin ku jefar da abin da ya siɗe, ku tambaya hannun wa ya siɗe shi.