Kyalla ta Bakin Kogi

Isaka mutumin Tawa ne, makiyayi, kuma har ya yi furfura bai taɓa kunna ko fitilar batir ba. Farin da aka yi a zamanin soja ya cinye masa shanu ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen, wata saniya mai suna Kyalla, a kan cinyarsa ta cika. Daga nan ya rataya sandarsa ya shigo Yamai, ba don yana son birni ba.

A lokacin rediyo ba ta da zance sai noman rani. Wata Hajiya Zinariya ta unguwar Talaje tana da lambu a bakin kogi, da tsohon injin ban ruwa mai tari kamar mashayin taba. Ta ɗauki Isaka gadin lambun, ta ce abu ɗaya take so, kada injin ya mutu, don in ya mutu tumatir da salati sun bi shi. Isaka ya dubi abin. An sake damƙa masa rai ke nan, shi da duk abin da ya riƙa sai da ya binne.

To, Isaka mutum ne mai bin diddigi. Ya lura da rana tsaka baƙin man injin yakan tsinke ya zama ruwa-ruwa, injin ya riƙa ƙwanƙwasa yana hayaƙi. Shi kuwa a saninsa abu mai tsinkewa abincin yunwa ne, irin kunun da ake rabawa a sansanin 'yan gudun fari. Sai ya taka har kasuwar Wadata wurin Sumana, wani Bazabarme makaniki, ya ce a ba shi mai mafi kauri a shagon. Sumana ya ce wannan na giyar manyan motoci ne, ba na inji ba. Isaka ya kafe, wai shi ya san mai jin yunwa in ya gan shi. Sumana ya gaji da musu ya zuba masa.

Washegari da sassafe, ana sanyi, ya ja igiyar tayar da injin. Injin ya tashi da ƙyar, sannan ya saki wani nishi mai ƙara. Isaka ya san wannan nishin, ya ji shi a bakin Kyalla. Nan take ya kashe injin, ya kwance ƙasansa. Man ya ƙi fitowa sai a hankali, kamar zuma. Ashe bai ko kai inda ake bukatarsa ba, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. Tsoro ya kama shi sosai, har ya kasa karin kumallo.

Da wani ne, da ya daina taɓa abin. Isaka kuwa sai ya koma ya roƙi Sumana ɗigo-ɗigo na kowane mai a cikin kofunan shayi. Ya jingina guntun kwanon rufi a jikin bishiyar mangwaro, ya riƙa ɗiga su a jere yana kallon tserensu, da safe da kuma azahar. Hajiya ta same shi tsugune ya ƙura wa kwano ido, ta koma gida tana cewa fari ya taɓa kan bawan Allah. Shi kuwa abin da ya gani ya ba shi dariya, don ya daɗe da saninsa. Halin man shanu ne sak, da safe ya daskare, da rana ya narke. Mai kaurin nan rago ne da safe. Mai tsinkewar kuma, rana na yi sai ya zube ya bar kwanon tas. Amma akwai guda da ke tafiyarsa da safe ba nawa, da rana kuma ya bar maiƙo a bayansa.

Ya kai wa Sumana kofin. "Sumana, wanga nika so. Mi ne sunanai?"

Sumana ya ɗauko gwangwanin ya nuna masa lamba biyu a jiki, ɗaya ta sanyi, ɗaya ta zafi. Ya ce: "Baba, da ka tambaye ni tun farko ai da na faɗa maka." Isaka ya ce ko da ya faɗa masa da bai yarda ba, kuma gaskiyarsa.

Bazara ta zo da zafin da ba a saba gani ba. Kogi ya yi ta ja da baya har mutane na ƙetare shi da ƙafa. Isaka ya haƙa rami cikin yashin kogin, ya saɓa injin ya kai shi bakin ramin, ya yi masa rumfar zana. Kullum sai ya murza mansa tsakanin yatsu ya shinshina kafin ya ja igiya. Rabin lambun ya ƙone, rabi ya tsira. Hajiya ta sha jin yana kiran injin da wani suna, ba ta tambaya ba.

Ranar da aka yi ruwan farko tana lambun, ta fake a rumfar. Isaka ya kashe injin, ya ɗora tafinsa a gefensa mai ɗumi, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Kyalla," ya ce, "wanga karo kin ga damina."