Muryar Baba Kumburi

Sunan ya samo asali ne daga auduga. Kullum kafin ya shiga ɗakin gwaji na makarantar likitocin haƙori, sai ya dunƙula auduga ya cusa a kumatun hagu, ya dafe wurin, ya shiga yana nishi. Ɗalibai suka sa masa Baba Kumburi, sunan ya bi shi har gida.

Da can direban motar makarantar ne. Da ya yi ritaya, malamar da ke koyar da rubuta magani, wadda kowa ke kira Dakta, ta tuna yadda yake kwaikwayon mutane har cikin fasinja ya ƙulle don dariya. Ta ce ya zo ya riƙa zama majinyacin ƙarya. Aikin ba wuya: ya hau kujera, ɗalibi ya yi masa tambayoyi, ya rubuta masa magani. Yau shi mai gyambon ciki ne, gobe jikinsa ba ya karɓar maganin fenisilin. Sharaɗi ɗaya ne, ba zai faɗa ba sai an tambaye shi. In ɗalibi ya manta ya tambaya, ya rubuta abin da zai cutar, sai Baba ya kama maƙogwaro, ya juya ido, ya sulale ƙasa. Ya iya faɗuwa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida.

"Yau sau nawa ka mutu, Malam?" matarsa kan tambaya tana miƙa masa ruwa.

"Yaran bana suna da kirki, suma kawai na yi."

Yana son aikin, ba don abin da ake ba shi ba. Abin da yake so shi ne fuskar ɗalibi a lokacin da ya ga mutum kwance a gabansa saboda rubutun hannunsa. Wanda ya ga haka sau ɗaya, ba ya sake mantawa da tambaya.

Sai ɗalibai suka yi yawa, gwiwoyin Baba kuma suka fara ƙorafi. Makaranta ta kawo manhaja: majinyaci a cikin kwamfuta, kowane ɗalibi da nasa. Dakta ta roƙe shi ya ba da muryarsa. Ya zauna a wani ɗan ɗaki mai labule, ya yi nishi, ya yi ƙorafi, ya yi kakarin mai shaƙewa, aka naɗa. Da aka gama ya tambaye ta, "To in suka kashe shi fa?"

"Sai su danna nan, Baba, ya tashi, su sake."

Wannan ne ya tsaya masa a rai. Mutuwar da ake gyarawa da ɗan yatsa, wa zai ji tsoronta? Ya koma gida ya zauna, yana ban ruwan shukokin tsakar gida, yana ta saƙa da warwara.

Da sabon zangon karatu ya kankama, haƙurinsa ya ƙare, ya sa hularsa ya tafi. Ya tsaya bakin ƙofar ɗakin kwamfutoci. Sababbin ɗalibai ne, ba wanda ya san shi. Kowa da abin saurare a kunne. Wani dogo a layin gaba ya kashe nasa majinyacin, ya yi dariya, ya danna, ya ci gaba yana tauna cingam. Baba ya ji ransa ya sosu. Ya juya zai fita.

A kujerar kusa da ƙofa wata ɗaliba ce zaune, allon kwamfutarta ya yi ja, alamar majinyacinta ya mutu. Ta cire abin sauraren ta ajiye a cinya, kakarin yana fitowa ƙasa-ƙasa. Ba ta danna komai ba, ta dai ƙura wa allon ido.

"Sannu, 'yata," ya ce. "Lafiya dai?"

Ta zabura, ta dube shi, ta dubi abin da ke cinyarta. Ta gane muryar.

"Baba... kai ne?" Ta miƙe tsaye. "Na ba ka fenisilin. Ban tambaye ka ba."

Idonta ya ciko. Tausayinta ya kama shi ƙwarai, kalmomin lallashi suka zo masa har baki: ai wasa ne, ai na'ura ce, ga ni nan garau. Ya haɗiye su.

"E," ya ce a hankali. "Ba ki tambaye ni ba."

Ya bar ta a tsaye da maganar, ya fita baranda ya zauna a benci. Sai da aka jima sosai ya ji muryarta daga ciki, tana ce wa kwamfutar, "Baba, akwai maganin da jikinka ba ya so?"