Katin da Na Hana a Buɗe

Abu na farko da maigidana ya koya mini game da sana'arsa shi ne kada a buɗe. Ban yi wata biyu da tarewa ba, ranar wata Juma'a ya tafi masallaci ya bar kyamararsa a kan gado. Na ɗauka ina jujjuya ta, na ja wani ɗan ƙarfe, sai bayanta ya buɗe. Na leƙa, ban ga kowa a ciki ba, sai wani baƙin abu mai sheƙi a naɗe. Na mayar na rufe, ban gaya masa ba.

A cikin fim ɗin akwai hotunan bikin sunan ɗan wani soja da walimar sauka da aka yi a Gagamari. A shekarun casa'in, mu a Diffa, fim mai launi sai an ba direba ya kai Maiduguri an wanko. Da aka dawo da shi babu ko fuska ɗaya. Bai yi mini faɗa ba. Ya shimfiɗa shi a tafin hannuna ya ce, "Haske ya ƙone su. Muddin ba a wanke hoto ba, ba a leƙa shi." Ya sa hularsa ya tafi bai wa sojan haƙuri. Daga ranar ban ƙara taɓa kayan aikinsa ba, ko share ɗakin zan yi sai na kewaye su.

Shekaru sun ja. Wajen ƙarshen shekarun dubu biyu wasu 'yan porje, wato ma'aikatan wani shirin raya karkara, masu aiki da manoman tattasai suka ɗauke shi ya riƙa yi musu hotunan gonaki a bakin kogin Komadugu. Su suka ba shi aron kyamarar da ba ta cin fim, sai ɗan kati kamar farcen babban yatsa. Ya yi kwanaki yana zaune a inuwar darbejiyarmu yana latse-latse a bayanta. Ya ce launin da ta zo da shi ba na nan ba ne: tattasai yana fitowa kamar ya kwana a ruwa, baƙar fata kuma kamar an shafa mata toka. Ya yi ta gyara, yana gwadawa a kan fuskata da kan buhun tattasai da ke zaure, har ya sami abin da yake so. Duk wanda ya san aikinsa, in ya ga hoto, daga jan nan yake gane na wane ne.

Ya gaya mini 'yan porje sun ce ya riƙa ajiye hotunan ɗanyu. Na tambaye shi yadda hoto zai zama ɗanye. Ya yi dariya ya ce, "Kamar tattasai kafin shanya." Ban ƙara tambaya ba. Da na sani na ƙara.

A lokacin tsinkar tattasai ya tafi da ni Geskeru, garin iyayena, don yana da aiki a can. Filin shanya ya yi ja har inda ido ya tsaya. Yana ta ɗauka, yana tsayawa yana dafe kai. Ya ce rana ce. Da za mu taso, sai ya rataya mini kyamarar a wuya. Na ce a'a. Ya ce, "Wannan ba ta da bayan da za ki buɗe. Danna nan kawai." Ya tsaya a tsakiyar shanyar, hannunsa ɗaya a aljihu. Na danna. Muka duba ɗan gilashin baya tare, ga shi nan, fuskarsa cike da annuri, yana shirin yin magana.

Mutumin da ya ɗauki rabin garin nan ba shi da hoton kansa, in ban da na katin ɗan ƙasa, wanda hatimi ya cinye masa kunci. Wannan da na ɗauka shi ne kaɗai. Kwana goma sha ɗaya bayan haka zazzaɓi ya tafi da shi.

'Yan porje sun zo gaisuwa. Kyamarar tasu ce, suka karɓa, aka tura ta wani gari. Katin kuwa, bayan sun kwafi nasu hotunan, suka bar mini. Na ƙulle shi a bakin zanen takabata.

Ina cikin wata na biyu na takaba, ba na fita, ƙanin mijina ya zo da kwamfutar da ya aro a wurin aikinsa. Malamin lakkol ne, wato makarantar boko, har furfura ta fara masa, amma wasan da ke tsakaninmu bai taɓa tsufa ba.

"Matarmu, kwance ƙullin nan," ya ce. "Kin ɗaure yaya a bakin zane kamar goro. Da ransa ma haka kika riƙe shi."

"Kai da ka kasa riƙe allin makaranta, kai za ka riƙe mini kati?"

Na dai ba shi. Muka zauna a tabarma da hantsi. Ya buɗe na farko: mata uku suna tsince tattasai, jan nan nasa, wanda na sani. Kafin in ce Allah sarki, hoton ya ƙifta. Jan ya koma kamar tsohon bulo. Fuskokin matan suka yi fari-fari, kamar an tashe su daga jinya.

Ya buɗe na biyu. Haka. Launin ya tsaya kamar numfashi ɗaya, sannan ya zube. Na uku ma haka. Ya koma kan na farko ko zai dawo, bai dawo ba.

Sai na ji tafin hannuna ya yi sanyi, daidai inda aka taɓa shimfiɗa mini ƙonannen fim. Ɗanyu ne, ba a wanke su ba, ga shi muna leƙa su. Na riƙe masa hannu.

"Rufe."

"Bari in gwada na ƙarshen, wataƙila shi..."

"Na ce rufe! Ƙone su kake yi."

"Haba matarmu, wannan ba fim ba ne."

"To ina jan ya tafi?"

Bai sani ba. Wasan ya ƙare a nan. Ya zare katin ya miƙo mini da hannu biyu.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, ba ɓacewar hoton kaɗai nake tsoro ba. Na ga fuskar maigidana sau ɗaya bayan an yi masa wanka, kafin a rufe. Launin da na gani a fuskokin matan nan, shi ne. Ba zan iya zama in kalli fuskarsa tana komawa haka a gabana karo na biyu ba, kuma da hannuna.

Makonni suka wuce. Ina jin katin yana taɓa ƙafata in na yi ruku'u. 'Yata ta fari, da ke aure a Bosso, ta aiko sau biyu tana tambayar hoton babanta don ta nuna wa jaririn da bai gan shi ba. Na ce a gaya mata ana gyara.

Wata ranar Laraba bayan azahar wata mata daga ofishin porje ta yi sallama. Mutuniyar yamma ce, Hausarta tana da ɗan karkata. Ta zo karɓar kwalin kyamarar da igiyar cajinta, waɗanda aka manta. Washegari mota za ta tafi da su. Kwalin yana ƙarƙashin gado, na mayar da shi ma'ajiyar zare da allura. Ina juye shi sai wani faifan kwamfuta ya faɗo, a cikin farar takardarsa, ba a taɓa ɓare ta ba.

Ban san abin da ya sa na ba ta labarin ba. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba.

"Yaya," ta ce, "ba abin da ya ƙone. Ɗanyen hoto ba ya ƙonewa don an kalle shi. Launin da marigayi Malam ya zaɓa yana nan a rubuce a jikin kowane hoto, kamar a ba ki cefane da bayanin yadda za a haɗa miyar. Wancan abin da kuka buɗe da shi bai iya karanta bayanin ba, sai ya dafa yadda ya saba. Wannan faifan na masu kyamarar ne. Shi ya san rubutun."

"Madam, kin tabbata?"

"Mu gwada da waɗanda kika ce sun mutu. Ai ba sa mutuwa sau biyu."

Na aika aka kira ƙanin mijina da kwamfutarsa. Aka sa faifan, ya ɗauki lokaci, ina ta addu'ar kada a ɗauke wuta. Suka buɗe na farko, matan nan uku. Jan ya fito. Na fara ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku. Na kai ashirin. Bai zube ba.

"Kin gani, matarmu? Ashe ba ni na ƙone su ba. A wanke ni a gaban Madam."

Waɗancan sun dawo, na gani da idona, amma zuciyata ba ta yarda cewa abin da ya yi wa matan Geskeru zai yi wa nawa ba. Idan kuma na ce a bari, gobe faifan ya bi mota.

Na ce su matsa. Na tambayi inda ake dannawa, ta nuna mini. Yatsana ya daɗe a sama kafin ya sauka.

Ga shi a tsakiyar shanya, hannu ɗaya a aljihu. Na kai shi ɗan gefe, kuma na yanke masa saman hula. Ban ƙirga ba wannan karon. Na zuba wa fuskar ido ina jiran ta ƙifta, har idanuna suka yi ruwa, na share, na sake dubawa. Tana nan yadda muka gan ta tare.

Sai da na daɗe ina kallo na tuna ranar sosai. Ba haka fuskarsa take ba a filin nan. Leɓunansa sun bushe, fatarsa ta dushe, ciwon ya riga ya shiga, ni ce ban lura ba. Launin da ya gyara don fuskokin mutane ya rufa masa asiri shi ma.

Matar ta ce tana iya ƙara haske a gefen da inuwar hula ta faɗa, ko ta rage jan kaɗan don ya fi kama da gaske.

Na ce, "A'a. A fitar da shi yadda ya bar shi."

Biyu aka wanko. Ɗaya ya tafi Bosso. Katin kuwa na mayar da shi bakin zane har na fita takaba.