Ƙaron Tarabulus da Mai Nonon Ruga

Duk wani babban al'amari da ya taɓa samun ɗan Adam, in ka bi sawunsa a hankali, za ka tarar a wajen karin kumallo ya faro. Na karanta tarihin dauloli daidai gwargwado, na kuma koyar da shi har furfura ta fito mini, ban ga abin da ya ƙaryata wannan magana ba. Namu tarihin a cikin ƙwayar dabino yake. Shi ya sa in na wuce kantin magani na shaƙi warin nan mai ɗaci na maganin tari, sai in ji yawuna ya tsinke, abin kunya ga tsohon hedimasta.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Kiyawa, a gindin duwatsu. Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba, jin labarinsu ake yi fiye da ganinsu. Kakana malami ne, amma ba karatunsa ya fitar da sunansa ba, haƙurinsa ne. Mutum biyu za su shigo zaurensa suna neman cin naman juna a kan iyakar gona, ya saurare su ido a lumshe, har su gaji su shirya da kansu. Ni kuma ana nuna ni ga sauran yara, wai ga jikan Malam, ba ya kuka, ba ya ƙiriniya, inda aka ajiye shi nan za a same shi.

Kowace safiya wata Bafillatana daga rugar bayan dutse takan kawo mana kindirmo a ƙaramar ƙwarya mai faifai, namu mu biyu kawai. Kafin mu sha, Kaka zai ɓare dabino, ya lakato wani baƙin abu mai danƙo daga batta, ya cusa a ciki. Nasa kamar ƙwayar wake, nawa kamar ƙwayar gero. Ƙaron Tarabulus muke ce masa. Baffana, wanda yake fatauci, shi ke sayo shi a wajen wani Balarabe a birnin Kano. Kaka don ciwon baya yake sha. Ni kuwa gudawa na yi ina jariri aka ɗanɗana mini, ta tsaya, aka ga babu dalilin raba yaro da abin da ya karɓe shi.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano, yaƙi ya tashi a can ƙasar Larabawan, ayarin raƙuma ya daina ƙetaro hamada. Wata bazara battar ta koma fayau.

Ba a jima ba muka kwanta, ni da shi. Hamma ba iyaka, majina da hawaye suna zuba ba mura ba kuka, zufa tana keto mana tsikar jiki kuma tana tashi cikin wannan zafin. Ciki ya murɗe, ƙafafuna suna harbi da kansu. Abin da ya fi tsorata gidan kuwa, Kaka ya jefi mai unguwa da buta kawai saboda ya yi masa sannu sau biyu. Na ji kalmomi daga bakinsa waɗanda ban san yana da su ba.

Za ka ce ai a fili abin yake. A wajenka ne. Mutanenmu sun san cuta tana zuwa daga abin da ya shiga cikin mutum. Ba wanda ya taɓa jin cutar da rashin shan abu yake kawowa. Saboda haka goggona ta zauna ta yi lissafi irin na masu hankali: mene ne mafi tsufa da mafi ƙanƙanta a gidan suke ci wanda sauran ba sa ci? Amsa ɗaya ta samu.

Da safe Bafillatanar ta yi sallama, Goggo ta tare ta a tsakar gida, mata suka kewaye. Aka ce sammu ta zuba, wai don Malam ya taɓa ba wani manomi gaskiya a kan shanunsu. Matar ta sauke ƙwaryar, ta kafa kai ta sha rabi a gabansu. Goggo ta ce ai mai abu abinsa ba ya cinsa, ta sa ƙafa ta ture sauran. Ina kwance a bakin ƙofa ina kallon nonon yana bin ƙasa, ita kuwa ta juya wajen ɗakin Kaka.

"Malam, tun yaron nan bai yi haƙori ba nake ba shi nonon nan. Kai ma ka ce na cuce ku?"

Kaka yana ciki yana murƙususu.

Mai unguwa, wanda goshinsa bai gama sacewa ba, ya aika ruga cewa su tashi. Suka kaɗa shanunsu cikin bazara, lokacin da ba ruwa ba ciyawa a hanya. Daga baya aka ce shanu da yawa sun mutu, har da wata ƙaramar 'yar Bafillatanar.

A yammacin ranar da suka tashi Baffa ya dawo daga Kano. Balaraben ya rufe shago, amma a wani kanti kusa da tashar jirgi an ba shi 'yar kwalba, maganin gudawar da ake ba sojoji. Aka ɗiga mana a ruwa. Kafin a kira magariba Kaka ya zauna ya nemi tuwo, ni kuma na yi barci. Gari ya ɗauka: mayya ta tafi, Malam ya tashi.

Abu ɗaya na gani da idona. Kaka ya shinshina bakin kwalbar, ya daɗe yana riƙe da ita. Baffa ya fara cewa warinta kamar na ƙaron nan, ko dai...

"A bar maganar," in ji Kaka, cikin muryarsa ta haƙuri da ta dawo.

Ni makarantar boko ta kwana ce ta raba ni da kwalbar. Makon farko sammun ya dawo mini sak, malamin kwana ya ce kewar gida ce. Sai da na girma na ci karo da sunan abin a littafi: afyun, ƙaron wani fure, wanda Turawa suka taɓa yaƙar ƙasar Sin don a ci gaba da sayensa. A ƙarƙashinsa aka jera abin da ke samun wanda ya rasa shi, daga hamma har harbin ƙafa. Na karanta shafin a tsaye, don na manta da akwai kujera.

Yanzu in samari suka shanye kwalbar maganin tari suka zube a gindin bishiya, dattawa sukan ce zamani ne, iyayenmu ba su san wannan ba. Na taɓa ba su labarin nan a ƙofar masallacin ƙauyenmu, tiryan-tiryan. Suka saurare ni da ladabi, wani ya ce Allah ya jiƙan Malam, boko dai ba ta bar kowa ba.

Jikokin matar sun dawo bayan dutse tuntuni. Har yau ba a sayen nononsu a ƙauyenmu.