Makullin fanfon da Hamidu ya bar mini

Bana shekara tara ke nan da muka rufe ƙanena Hamidu a maƙabartar garinmu, arewa da Filinge. Mutanen Yamai Furofesa suke ce masa. Ni ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga ajin boko ba. Haƙar rijiya ce sana'ata, ƙasa ta rufta mini sau biyu na fito da rai, kuma doguwar magana ba ta cikin halina. Na sa an rubuta wannan ne saboda ranar Juma'a za a zauna a ƙofar Maigari kan fanfon garinmu, makullinsa kuwa yana aljihuna.

Hamidu ya yi karatu a Yamai, ya ƙetare teku, ya dawo yana koyarwa a jami'a. Na taɓa tambayarsa abin da yake karantawa har gashinsa ya fara furfura. Ya ce, "Yaya, ina karanta wa zai sha ruwa, wa zai biya, wa za a bari da ƙishi." Na ce masa wannan ai a bakin rijiya ake koyonsa. Ya ce shi ya sa ba ya fashin zuwa.

Ba ya fashin kuwa. Duk bazara, lokacin da rijiyoyin tudu ke komawa laka, sai ga shi da littafinsa. Yakan zauna bisa kututture yana tambayar mata tun yaushe suke layi, yana tambayar makiyaya daga ina suka koro garke. Na ji an ce manya na kiransa in za a tsara dokar ruwa. Wannan ban gani ba. Na dai ga takalminsa cike da taɓo.

Mun yi faɗa da shi, faɗa na gaske. Da aka yi mana fanfo na farko ya ce dole kowa ya riƙa biya, in ba haka ba fanfon ba zai yi tsawon rai ba. Na ce ubanmu bai taɓa sayar da ruwa ba, ba kuma ɗansa ne zai fara ba. Gari ya bi bayana. Shekara biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da shi. Ranar da injin ya lalace ba a aje komai don gyara ba, mata suka koma dogon zangon ɗebo ruwa a kwari da tuluna a ka. Hamidu ya zo, bai ce mini ai ya faɗa ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

A wannan zuwan ne ya zauna da dattawa aka tsara dokar da muke bi har yau. Kowane gida na biya, kowane garke na biya. Safiya ta mata ce, daga azahar ta dabbobi. Sannan a gaban kowa ya juyo ya tambaye ni yadda mahaifinmu ke yi da baƙo a bakin rijiya. Na ce baƙo ba ya bin layi, ba a tambayarsa sunansa ko inda ya fito sai ya sha, dabbarsa ta sha. Ya rubuta haka, bai sauya komai ba. Samari suka ce wannan asara ce. Ya ce musu ya zagaya garuruwa da yawa, duk inda ya duba ruwan da baƙo ke sha ya fi arha bisa rigimar da ƙishinsa ke kawowa. Daga nan ya miƙo mini makullin injin fanfon, ya ce wanda ya fi kowa ƙin tsarin shi ya fi dacewa ya tsare shi.

Wancan lokacin na zaman lafiya ne. Yanzu ƙarar babur daga nesa tana sa mata su bar jarkokinsu su watse. Wata uku ke nan wasu mutane da suka gudo daga wajen Abala suka kafa bukkoki a faƙon bayan gari, yawancinsu tsofaffi da mata da 'yan awaki. A fanfonmu suke sha, ban taɓa karɓar ko dala a hannunsu ba.

Watan jiya, da rana tsaka, mutum biyu suka zo bisa babur, fuska a rufe da rawani. Suka cika jarka huɗu suka tafi ba sallama. Ban tambaye su komai ba. Bayan mako guda aka kore shanun wani ƙauye kusa da mu, aka kashe mai kiwonsu. Babu wanda ya san ko su ne. Amma mamacin surukin maƙwabcina Salifu ne, kuma Salifu ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Baba Idi, ruwan da ka ba su, shi suka sha suka kashe muna mutum."

Ya faɗi haka da hawaye a ido.

Maigari ya kira ni gefe daga baya. Ya ce, "Idi, dokar ƙanenka ba ta san wanga zamani ba. Ka sa kwaɗo. Wanda muka san ubanshi shi kaɗai za ya ɗiba."

Tun ranar nake juya abin da Hamidu zai ce. Ba zan ɗora wa mamaci maganar da bai yi ba. Bai ga wannan masifa ba, kuma takarda ba ta jin tsoro. Amma na san irin tambayarsa. Zai ce, wa kwaɗon zai hana? Mai bindiga harsashi ɗaya ya ishe shi ya fasa shi, ya kuma nemi wanda ya sa. Wadda kwaɗon zai hana ita ce tsohuwar da ke zaune a bukkokin faƙo, wadda ruwa mafi kusa da ita bayan namu tafiyar rabin yini ce, ta hanyar da ko maza sun daina bi. Kuma yaran da aka hana wa uwarsu ruwa, in sun girma, ba za su manta sunan garin ba.

Na kuma san mai yiwuwa Salifu na da gaskiya. Ruwa ba ya tsami banza. In na bar fanfo a buɗe, akwai masu cewa za su kai sunana gaban hukuma, a matsayin mai shayar da ɓarayi. In na rufe, ɓarayin sun san gidan mai makulli. Na shiga rijiya mai gaba talatin ban ji abin da nake ji yanzu ba.

Littattafan Hamidu suna cikin akwati a ɗakina, ban iya karanta ko ɗaya ba. Ɗalibansa da kan zo ziyarar kabari sun rage zuwa tun da hanya ta ɓaci, ban ga laifinsu ba. Abin da ya saura nasa a garin nan, wanda ake iya taɓawa da hannu, layi ɗaya ne cikin dokar fanfo, shi ma daga bakin ubanmu ya ɗauko shi. Duk karatun da ya yi, a nan ya tsaya. Ni ma a nan na tsaya.

Ranar Juma'a zan aje makullin bisa tabarma a gaban Maigari. In gari ya ce a rufe, gari na da iko, sai a nemi wani hannun. Rijiya ta bayar, ba zan zama gugan da ya hana ba. Kafin Juma'ar akwai kwana uku, kuma kowace safiya zan buɗe. Allah Ya jiƙan Hamidu. Mu kuma Ya kai mu Asabar.